Yadda Mushe Halidu Ya Fita Daga Garken Ubanshi

Halidu ɗan Abarci bai shiga lakwal, wato makarantar boko, don wani ya hango ƙwaƙwalwa a kanshi ba. Shekarar da aka aiko ma maigarinsu, can arewa da Tagiris, cewa kowane gida ya ba da yaro ɗaya, Abarci ya zauna ya dubi 'ya'yanshi maza biyu. Babban, Intalla, ya riga ya iya kora raƙumin jan guga, yana gane tunkiyar da za ta kwanta ciwo tun tana tsaye. Ƙaramin kuwa, Halidu, sau biyu barci na kwashe shi a gindin aduwa, tumaki su faɗa gonar mutane. Ba a daɗe ana shawara ba. Aka ba gwamnati wanda rashinshi ba zai rage komai ba.

Yaron ya riƙe karatu. Ya zo kwalej a Dakoro yana kwana a zauren wani dillalin shanu abokin ubanshi, ya wuce lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi, ya samu bak, takardar gama ta, a karo na biyu. Ya taɓa jami'a shekara biyu, abin bai yiwu ba, ya dawo aka ɗauke shi koyarwa a kwantaragi, ba cikakken ma'aikaci ba. Yau shekara goma sha tara ke nan yana koyar da istuwar-jewo, wato tarihi da labarin ƙasa, a wata kwalej da ke bakin garin Dakoro, wadda rabin azuzuwanta na zana ne. Dogo ne, mai sanyin magana, alli ba ya rabuwa da aljihun rigarshi. Kowa Mushe yake ce mashi, yadda ake kiran malamin lakwal da faransanci, har matarshi Hawwa'u.

Abin da yake koyarwa ba shi ya zaɓa ba. Takarda ce ke zuwa daga sama, ana ce mata purogaram, an jera darussa tun daga ajin farko har na ƙarshe. 'Yan ajin farko su fara da mutanen da suka zauna cikin kogo, su wuce Masar ta Fir'auna. Mushe ya rubuta a tablo, wato allon bango, su kwafa a kaye, littafinsu na rubutu, su haddace, ranar jarrabawar kompozisiyo su zazzage mashi kayanshi, su manta. Yaran da ba su taɓa ganin ruwa mai gudu ba in ban da kwarin Tarka da damina, su ne ke zana kogunan Turai da shuɗin alƙalamin bik. A tarwaziyam, ajin da ake jarrabawar birebe ta gama kwalej, a yi yaƙin duniya na ɗaya, a yi na biyu, a ƙirga masana'antun ƙasashen da ko a mafarki ba wanda zai je. Sai can a wutsiyar shekara a zo ga kiwo a Nijar: shafi ɗaya da rabi, da hoton wani sa da ba a san garinsu ba. A garin da duk ranar kasuwa ake cika manyan motoci da shanu, abin da aka ga ya ishe mu ke nan. Shi ɗin ma ba a cika kaiwa gare shi ba. Kafin a kai, yajin aiki ya ci wata guda, zafi ya ci wani, shekara ta ƙare.

Wannan abu yana cin Halidu. Duk taron malamai sai ya faɗa, a hankali kamar yadda ya saba, cewa ana koya ma 'ya'yan makiyaya komai ban da kiwo. A ce mashi gaskiya ne Mushe, a wuce.

Shi kanshi yana da dabbobi, ko da yake bai san yawansu ba. Ranar sunanshi Abarci ya ba shi karsana, kamar yadda ake yi ma kowane ɗa. Ta haifa, 'ya'yanta suka haifa. Da tsohon ya rasu ba a raba garke ba, aka bar shi a hannun Intalla, rabon Halidu na ciki. A wajensu haka ake yi ma ɗan'uwan da ya tafi karatu ko aikin gwamnati: dabbarshi tana daji, sunanshi yana gida. Duk Layya rago ya iso Dakoro, lokaci-lokaci cuku da man shanu. Daga Dakoro kuma shayi da sukari da buhun hatsi su tafi arewa. Ba wanda ke tambayar nawa suka rage, nawa suka haifa. A wannan yanki ba a tambayar mutum yawan dabbobinshi. Kamar ka tsayar da dattijo a kasuwa ne ka ce ya ɗaga riga. Wasu na tsoron baki, wasu na ɓoye talauci, wasu na ɓoye arziki, amsar dai ɗaya ce: alhamdu lillahi, akwai na sha. Tsakanin 'yan'uwan da ba su raba gado ba kuwa, tambayar ma'ana ɗaya gare ta. Wanda ya ce nawa ne, ya ce a ba ni nawa.

Sa'adiyya ɗiyar Intalla ce. Shekara huɗu tana zaune gidan Halidu tana kwalej. Da ƙyar uban ya sake ta, don shi bai ga abin da lakwal ta tsinana ma ƙanenshi ba ban da riga mai aljihu. Yarinya ce mai shiru, mai tsabtar rubutu, irin wadda in an ce a yi abu sai ta yi shi har ƙarshe. A shekarar da ake magana tana tarwaziyam, an riga an kai sunanta, wata uku ya rage a yi birebe. Halidu ya tabbata za ta samu. In ta samu, ita ce mace ta farko da ta kai nan a zuri'ar Abarci.

Ana cikin haka konseye ya zo, wato jami'in da ke zagayawa yana duba yadda malamai ke koyarwa. Ya tara malaman istuwar-jewo ya ce an sake salo. Yanzu ba haddar kaye kaɗai ba, sai yaro ya fita ya yi bincike a cikin mutanenshi. Ya ba kowa takarda ɗaya a yi fotokopi. Ta tarwaziyam a kan kiwo ce, an ja mata layuka an yi akwatuna. Shanu nawa, tumaki nawa, awaki nawa, raƙuma nawa. Nawa suka mutu a shekara biyar. Nawa aka sayar, don mi. Na wane ne a cikin gidan. Wanda ya tsara takardar nan, ko tantama babu, bai taɓa shan shayi a tabarmar makiyayi ba. Ya zauna a ofis mai sanyi ya ja layi da rula, ya tashi ya tafi cin abinci.

Amma shi baƙo ne, sai a yi mashi uzuri. Halidu fa? An haife shi a cikin garke, ya san abin da ba a tambaya. Sai dai da faransanci ya karanta takardar, a ofishin direktar, kuma shekara talatin ke nan duk abin da ya zo mashi da faransanci aikin lakwal ne, bai taɓa haɗa shi da gida ba. Murna ma ya yi. Yau ga kiwo ya shigo aji. Ya biya fotokopi daga aljihunshi, ya raba ana gobe za a tafi konje, wato hutun ƙarshen Maris, ya ce kowa ya tambayi mahaifinshi ya cike ya kawo.

'Yan gari sun san abin da suka yi. Sun zauna a inuwar itacen bedi sun ƙaga lambobi, wani ya ba ubanshi tela raƙuma arba'in. Sa'adiyya ita ta hau motar kasuwa da takardarta a cikin kaye. Ta isa gida, ta jira uban ya dawo daga rijiya, ta durƙusa ta fassara mashi layi bayan layi. Ya tambaye ta wa ya ba ta. Ta ce Baba Halidu ne, ya ce a cike a kai mashi.

Konje ya ƙare, Sa'adiyya ba ta dawo ba. Halidu ya kira wayar Intalla, tana shiga ba a ɗauka. Ya ce ma Hawwa'u wataƙila mota ce ba a samu ba.

Kwana takwas da komawa, da hantsi, yana tsaye a gaban tablo yana bayanin yadda aka kafa majalisar ɗinkin duniya, sai ya ga yara sun daina kallonshi, duk sun juya wajen ƙofa. Ya leƙa. Intalla ne a tsakar filin lakwal, da rawaninshi da sanda a kafaɗa, ƙafafu fari fat da tafiyar kwana biyu. A bayanshi shanu ne da tumaki, sun tsaya daidai gindin sandar tuta.

Halidu ya fito da sauri, alli a hannu.

"Yaya, lafiya? Ina Sa'adiyya?"

"Lafiya lau, Mushe. Takarda ka aiko, na kawo amsa. Ni ban iya rubutu ba, sai na ce bari in kawo su da ƙafarsu."

"Wace takarda? Yaya, wannan aikin yara ne, na lakwal..."

"To ai lakwal ɗin na zo."

Malamai sun fito, direktar ya fito, yara sun cika tagogi, na azuzuwan zana sun ɓula zana da yatsa. Intalla ya sauke sanda ya fara nunawa, da murya yadda kowa zai ji. Saniya ɗaya, ja, jikar karsanar suna, ga ɗan maraƙinta. Saniya ta biyu, baƙa, rabonka daga na Baba. Bijimi ɗaya. Tumaki, ɗaya, biyu, uku, har tara, yana taɓa kowace da bakin sanda. Wani malami Bafulatani da ke tsaye kusa ya kau da kai, kamar wanda ya ga tsiraici.

"Ka ce nawa suka mutu," in ji Intalla. "Shekarar da ciyawa ta ƙare, huɗu naka, goma sha ɗaya nawa. Na jawo su da igiya na kai bayan tudu, kana nan kana koya ma yara labarin Nasara. Ka ce nawa aka sayar. Ɗaya, lokacin ciwon Inna, kai ka ce a sayar, ko ka manta? Ka ce na wane ne. Ga naka. Akwai sauran akwati a takardar?"

"Wallahi Yaya ban nufi haka ba. Yara sittin na ba, ba ita kaɗai ba."

"Sittin ɗin duka ubanninsu ke riƙe da dabbobinka?"

Halidu ya sa allin a aljihu. Intalla ya ci gaba.

"Da ka zo da bakinka ka ce Yaya a raba, da na ji zafi kwana biyu ya wuce. Amma ka sa ɗiyata ta durƙusa gabana tana ƙirga ni. Ɗiyar da na ba ka amana."

"Birebe saura wata biyu da 'yan kwanaki. Don Allah ka bar ta ta dawo."

"Ta gama. Ta iya karanta takarda, na gani da idona."

Intalla ya miƙa mashi igiyar jar saniyar. Ko ruwa bai sha ba, ya juya.

Gidan Halidu gidan haya ne, ɗaki biyu da tsakar gida da ba ta fi shimfiɗar tabarma shida ba. Nan aka zuba shanu uku da maraƙi da tumaki tara, a tsakiyar bazara, lokacin da harawa ta fi abincin mutum daraja. Tumaki suka cinye zogalen Hawwa'u a rana ɗaya. Jar saniyar ta ƙi tatsuwa, ta harbi Hawwa'u a cinya, ta zubar da ƙwarya. Mushe da ya san ranar da aka gama kowane yaƙi a Turai, bai san yadda ake ɗaure ƙafar saniya ba. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna yi mashi barka da arziki.

Ran Asabar ya ɗauki ɗan kabu-kabu, mai babur ɗin haya, ya nufi arewa. Bai sauka gidan Intalla ba, ya sauka wajen Gwaggo Uwale, ƙanwar ubansu, tsohuwar da ta rage a gidan, wadda danga ɗaya ta raba bukkarta da ta Intalla. Ya same ta tana kaɗa nono. Ya gaishe ta, ya kwashe labari ya faɗa mata, har da konseye da sabon salo.

"Shi wannan konsen," in ji ta, "ɗan wa ne?"

"Ba ɗan nan ba ne, Gwaggo."

"To kai ɗan ina ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tun kana yaro barci ke ɗaukarka a bakin aiki. Ashe har yanzu."

Ta aika aka kira Intalla. Ya zo ya zauna nesa kaɗan, ya ba ƙanen gefe. Halidu ya ba da haƙuri, ya ce zai koro dabbobin da ƙafarshi ya maido su garke, a yi kamar ba a yi ba.

"Abin da aka ƙirga gaban mutane ba ya komawa," in ji Intalla. "Gobe in ɗaya ta mutu, duk Dakoro ta san tara ne."

"To na ji. Dabbobi sun zama nawa. Yarinyar fa? Mi ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Shi ya sa tana gidan ubanta."

Halidu ya shiga bayanin amfanin birebe, yadda daga nan sai lise, yadda mace ke zama malamar asibiti. Intalla yana zane a ƙasa da tsinke. Duk wanda ya san shi ya san maganar ba ta shiga. Sa'adiyya tana can bayan danga tana daka, ana jin taɓarya tana tsayawa tana ci gaba.

Gwaggo Uwale ta bari ya gaji. Sannan, kamar wadda ta tuna wani abu dabam, ta ce, "Ni kam Halidu, jar saniyar nan tana ba ku nono?"

"Ta ƙi, Gwaggo. Ta harbi Hawwa'u."

"A'a. Wa ke tatsar?"

"Hawwa'u ɗin ce. Ni ma na gwada."

"Ta wane gefe kuke zama?"

"Duk gefen da aka samu."

Tsinken Intalla ya tsaya.

"Kuna sakin maraƙin ya fara sha kafin ku taɓa ta?"

"Ana yin haka?"

"Inna lillahi. Mi kuke ba ta?"

"Dusa, in an samu. Shekaranjiya na ga tana tauna leda, na fizge abin da na iya."

"Leda," in ji tsohuwar, ta ɗaga murya kamar mai magana da kurma. "Jikar karsanar Abarci, wadda uwarta ta tsallake shekarar yunwa, za ta mutu da leda a ciki bayan katangar siminti. To, Allah ya sa mu cika da imani. Naka ne dai, ka yi yadda ka so."

Intalla ya tashi ya kaɗe riga ya fita. Halidu ya kwana a bukkar Gwaggo yana ganin tafiyar ta tashi a banza.

Da safe yana ɗaure jakarshi a bayan babur, sai ga Intalla, Sa'adiyya na biye da shi da ƙullin kayanta a ka, da ƙwaryar tatsa da igiyar ɗaurin ƙafa. Bai dubi ƙanen ba, Gwaggo ya yi ma magana.

"Ki faɗa mashi ba lakwal na tura ta ba. Tatsa za ta yi, safe da yamma, ta kula da maraƙin. Hannunta saniyar ta sani."

"Ya ji," in ji Gwaggo. "Tsakanin tatsar safe da ta yamma fa?"

"Wannan ba ruwana. Ni ban aike ta ba."

Haka Sa'adiyya ta koma. Ta yi asarar sati uku, ta kwafe su daga kayen wata ƙawarta. Kullum bayan sallar asuba tana tsugune a gefen dama na jar saniya, ƙarfe takwas tana kan benci. Takardar bincike ba ta cike ta ba, Halidu kuma bai tambaya ba. Sauran hamsin da taran ya tattara ya ba konseye, da raƙuman tela da komai, aka rubuta a rahoto cewa sabon salo ya karɓu a Dakoro.

Tumakin dai sayar da su aka yi kafin damina, bijimin ma haka, don gidan haya ba garke ba ne. Shanun biyu suka rage. 'Yan'uwan suna haɗuwa ranar kasuwa, su gaisa gaisuwa mai tsawo irin ta surukai, kowa ya kama gabanshi. Halidu bai sake kwana a garinsu ba sai da rasuwa ta kai shi. A wajen mutanen can, wanda ba shi da ko akuya a garke baƙo ne, ko da a bukkar aka yanke mashi cibiya.

Ranar da aka kira sakamakon birebe, sunan Sa'adiyya ya fito tun a zagayen farko. Halidu ya koma gefe, ya kira Intalla. Wannan karon an ɗauka.

"Yaya, Sa'adiyya ta samu."

Ana jin kukan tumaki ta cikin wayar.

"Baƙar saniyar fa? An ce mani tana da ciki."

"Tana da shi. Sa'adiyya ta ce sai bayan kaka za ta haihu."

"Haihuwar fari ce a hannunku. Kai da matarka za ku kashe ta." Ya yi tsaki. "Yarinyar ta zauna har saniyar ta haihu ta yaye."

Halidu ya lissafa a ranshi. Daga nan zuwa yaye ya haura shekara. Washegari ya ɗauki takardun Sa'adiyya ya kai lise da ke nan Dakoro.